Yadda ɗan Miga zai zama ƙwararren akanta: takardun makaranta, jarrabawa da shekarun aiki

Digirin akanta, ko da mai daraja ta ɗaya ne, ba ya ba mutum ikon buɗe ofishin binciken kuɗi ko sa hannu a rahoton kuɗin kamfani a Najeriya. Wannan iko yana hannun ƙungiyoyi biyu da doka ta kafa. Ta farko ita ce ICAN, wadda dokar majalisa mai lamba 15 ta kafa a 1965, hedikwatarta tana Legas, shugabanta na farko kuma shi ne Akintola Williams. Ta biyu ita ce ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta samu amincewar gwamnati da dokar soja mai lamba 76 a 1993. Kowaccensu tana neman abu uku daga gare ka: takardun makaranta, cin jarrabawarta, da shaidar cewa ka yi aikin da hannunka a ƙarƙashin wani ƙwararre. Na ukun nan shi ne matasanmu na Miga, Jahun da Kafin Hausa a jihar Jigawa suka fi sakaci da shi, don haka a kansa zan fi tsayawa. Bari dai mu faro daga tushe.

Mataki na farko: kiredit biyar

Kafin komai, ka samu kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma lallai Turanci da lissafi su kasance a ciki. Jami'o'i suna ƙara neman darasin tattalin arziki ga mai son karanta akanta, a JAMB kuma za ka rubuta Turanci, lissafi, tattalin arziki da wani darasi guda na ɓangaren kasuwanci ko zamantakewa. Idan lissafi ya ba ka ciwon kai har ka fita da fas, ka sake zama tun kana da ɗumin karatu. Babu kwana a wannan wuri, ƙungiyoyin nan biyu ba sa karɓar uzuri a kan lissafi, kuma wanda ya bari sai ya yi aure ya tara iyali zai ga sake rubuta NECO ya yi masa nauyi.

Ka kuma duba sunanka. Yaro ɗaya sai ka ga Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Mamman a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa ma iri biyu. A gyara wannan tun da wuri da takardar rantsuwa ta kotu, domin duk rajistar da za ka yi nan gaba ta intanet ce, kuma kwamfuta ba ta san cewa Mamman da Muhammad mutum ɗaya ba ne.

Mataki na biyu: zaɓi ƙofar shiga

Ƙofa uku ce a gabanka. Akwai ta jami'a, shekara huɗu: Jami'ar Tarayya ta Dutse tana kusa, akwai Jami'ar Bayero a Kano, akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda sashenta na akanta ya yaye da yawa daga cikin manyan ma'aikatan kuɗi na Arewa. Akwai ta kwalejin fasaha, kamar ta jihar Jigawa da ke Dutse: ƙaramar difloma shekara biyu, shekara guda ta koyon aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. Ƙungiyoyin biyu suna karɓar babbar difloma kamar yadda suke karɓar digiri, saboda haka kada wani ya raina maka wannan hanya.

Ƙofa ta uku ba kowa ya san ta ba a yankinmu, alhali ita ta fi dacewa da ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa. ICAN tana gudanar da wata jarrabawa mai suna ATSWA tare da takwarorinta na Afirka ta Yamma, kuma da takardar sakandare kaɗai ake shiga. Kashi uku ce, ana rubuta ta a watan Maris da Satumba. Wanda ya gama ana ba shi shaidar AAT, kuma daga nan yana iya wucewa babbar jarrabawar ICAN tare da rangwamen wasu darussa. Ɗalibin da ya fara ta tun yana aji ɗaya a jami'a zai iya kammala ta kafin ya gama digiri. Yarinyar da aka yi wa aure bayan sakandare ma tana iya karanta ta daga ɗakinta, ta fita ranar jarrabawa kawai.

Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka tambayi abu guda: shin ICAN ta tantance sashen akanta na wannan makaranta? Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC ko hukumar kwalejojin fasaha ta NBTE daban take, tantancewar ICAN daban. Ta biyun ce ke yanke yawan darussan da za a yafe maka idan ka zo rajista, kuma kowane darasi da aka yafe yana nufin watannin karatu da ka tsira da su. Ka sani dai yafewar ma biya ake yi.

Mataki na uku: ICAN ko ANAN?

Tambayar da ake yawan gardama a kanta ke nan a ofisoshin kuɗi. Amsata ita ce ka duba inda kake son yin aiki, da kuma irin halin da kake ciki.

ICAN ba ta da ajin da za ta zaunar da kai. Kai za ka yi rajista, ka nemi littattafanta, ka yi karatu da kanka ko ka shiga cibiyar koyarwa, sannan ka rubuta jarrabawa mataki uku: na tushe, na tsakiya da na ƙwarewa. Mai digiri ko babbar difloma a kowane fanni yana iya shiga, ko da ilimin noma ya karanta, sai dai shi zai faro daga ƙasa. Darussan sun haɗa da tsara rahoton kuɗi, binciken kuɗi, haraji, dokokin kasuwanci, sarrafa dukiyar kamfani da lissafin kuɗin gwamnati. A matakin ƙarshe akwai takardar da ake ba ka labarin wani kamfani da alƙalumansa a ce ka rubuta wa shugabanninsa shawara, kuma a nan mai hadda kawai yake faɗuwa. Wanda ya gama ana rantsar da shi ya ɗauki laƙabin ACA. Bankuna, manyan kamfanoni da ofisoshin binciken kuɗi masu zaman kansu sun fi sabawa da wannan shaida.

ANAN kuwa tana da makarantarta, Kwalejin Akantoci ta Najeriya da ke Kwall kusa da Jos a jihar Filato. Sai ka gama digiri ko babbar difloma a akanta kake shiga, wanda ya karanta fannin da ke maƙwabtaka da shi kuma sai ya fara bi ta kwas ɗin share fage. Za ka yi karatu a kwalejin, ka ci jarrabawarta kashi biyu, sannan ka yi shekara biyu na horon aiki da ake kira AIT kafin a rantsar da kai da laƙabin CNA. Ma'aikatan gwamnati da yawa a Arewa ta nan suka bi, domin ana iya neman hutun ƙaro karatu a je a zauna a yi abin gaba ɗaya.

A aikin gwamnati duka biyun ana karɓarsu, tun daga ma'ajin ƙaramar hukuma har zuwa Akanta Janar. Idan burinka baitulmalin jiha ne a Dutse ko ofishin mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, kowacce ka riƙe ta isa. Idan kuma kana hangen banki ko kamfani a Kano, Abuja ko Legas, ni dai zan ce ka ɗaure ka yi ICAN. Akwai kuma ACCA ta Ingila, mai jarrabawa 13 da sharaɗin wata 36 na aiki, amma da fam ake biyan kuɗinta, kuma a yadda naira take ba ita zan fara nuna wa ɗan manomin shinkafa ba.

Mataki na huɗu: shekarun aiki, da yadda ake sa su shiga lissafi

A nan mutane ke asarar shekaru ba su sani ba. Mutum zai shekara biyar yana cika bauca, yana rubuta rasit, yana haɗa jadawalin albashi, ya ɗauka ai ya tara ƙwarewa. Ran da ya je neman shaida sai a tambaye shi wane ƙwararre ne ya kula da aikinsa, ina littafin da aka riƙa sa masa hannu. Idan babu amsa, sai a sake sabon lale.

Abin da ƙungiyoyin ke nufi da ƙwarewar aiki yana da sharuɗɗa. Na ɗaya, aikin ya zama na akanta tsantsa: rubuta kuɗin shiga da fita, daidaita littafin ofis da bayanin banki, tsara kasafin kuɗi, lissafin haraji, binciken kuɗi, haɗa rahoton ƙarshen shekara. Zaman kanti kana karɓar kuɗi ko riƙe na'urar POS a kasuwa sana'a ce mai kyau, amma ba ita ake nufi ba. Na biyu, mai kula da kai ya zama cikakken ɗan ƙungiya mai lambar rajista, wanda yake biyan kuɗinsa na shekara. Na uku, a rubuta komai a lokacinsa, da kwanan wata da sa hannu. ANAN shekara biyu ta gindaya a tsarinta na AIT. A ɓangaren ICAN, wanda ke son lasisin buɗe ofishin kansa sai ya nuna ya yi kimanin shekara uku yana aiki a ofishin ƙwararrun akantoci masu lasisi, zaman ofishin gwamnati kaɗai ba ya cike wannan gurbi.

To ɗan Miga ina zai sami irin wannan wuri? Gaskiya ita ce ofisoshin binciken kuɗi masu zaman kansu a Kano suke da yawa, Dutse kaɗan ne, a ƙauyukanmu kuwa sai dai labari. Saboda haka ka yi dabara da shekarun da dole za ka yi su. Shekarar koyon aiki da ke tsakanin ƙaramar difloma da babba, kada ka kai takardarka inda za a ce ka zo ƙarshen wata ka sa hannu kawai. Ka nemi ofishin akantoci, ko da alawus ɗin ba zai wuce kuɗin mota ba, ka sauka wurin wani kawu ko yaya a Kano ka jure. Haka shekarar bautar ƙasa: da zarar an tura ka, ka nemi wurin da ke da sashen kuɗi na gaske ya rubuta takardar neman ka. Idan an kai ka makaranta koyarwa, ka roƙi izinin taimaka wa ofishin kuɗinta, ka riƙe shaidar hakan.

Wanda ya riga ya kama aikin gwamnati kuma, ya bincika ko akwai mai ACA ko CNA a cikin shugabanninsa. Idan akwai, ka same shi cikin ladabi ka ce: «Ranka ya daɗe, ina son in yi rajistar ƙungiya, ko za ka amince ka zama mai kula da aikina?» Yawancinsu ba sa ƙi, domin su ma wani ne ya sa musu hannu. Idan babu, ka nemi a mayar da kai sashen da ke da shi, ko da zai raba ka da gida na ɗan lokaci. Ka kuma roƙi a riƙa juya ka tsakanin tebura. Wanda ya shekara uku a kan albashi kaɗai ya san albashi, bai san yadda ake rufe littafin shekara ba, kuma tun da Najeriya ta koma tsarin IPSAS na lissafin kuɗin gwamnati, wanda cikakken salonsa ya fara aiki a 2016, ana buƙatar mai iya lissafa kadarori da basussuka, ba kuɗin da ya shiga ya fita kawai ba.

Ka ajiye fayil guda: takardar ɗaukar aiki, takardar kama aiki, duk wata takardar canjin wuri, da wasiƙar mai kula da kai a kan takarda mai kan ofis. Ka ɗauki hotonsu ka aika wa kanka ta imel. Duk wanda ya ga yadda ambaliya ke shiga gidaje a Miga da damina ya san dalilin wannan shawara.

Kafin ka fara ƙirga watanni, ka rubuta wa ƙungiyar da ka zaɓa ka tambaya ko wurin aikinka da mai kula da kai sun cika sharaɗinta, ka ajiye amsar. Ƙa'idojin nan ana sabunta su, manhajar jarrabawa ma haka, don haka abin da yayanka ya bi shekara goma da suka wuce ba lallai ya yi maka aiki ba.

Mataki na biyar: kuɗi da lokacin karatu

Kuɗin rajista, na yafe darussa, na jarrabawa, na littattafai, da na zuwa cibiyar jarrabawa kamar ta Kano da kwana a can, duk a wuyanka suke. Ka tsara su da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, maimakon ka tashi neman rance saura mako guda a rufe rajista. Ka nemi abokan karatu biyu ko uku, ku riƙa warware tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanku. Sannan ka koyi Excel sosai da aƙalla manhajar akanta guda, irin su Sage ko QuickBooks, domin ofishin da zai ɗauke ka horo zai zaunar da kai gaban kwamfuta tun ranar farko.

Bayan rantsuwa

Shaidar ba a rataye ta a bango a manta. Akwai kuɗin ƙungiya na kowace shekara, akwai tarukan ƙaro ilimi na dole da ake tara maki da su, kuma kowace ƙungiya tana da kwamitin ladabtarwa da ke iya soke sunan wanda ya ci amana ko ya sa hannu a alƙaluman ƙarya. Wanda zai sa hannu a rahoton kuɗin da za a fitar wa jama'a kuma sai ya yi rajista da hukumar FRC, wadda dokar 2011 ta kafa, ya karɓi lambarsa.

Idan yanzu kana aji uku na babbar sakandare, aikinka na bana shi ne kiredit a lissafi da Turanci. Idan kuma kana ofis, gobe da safe ka bincika waye ɗan ƙungiya a cikin shugabanninka, ka kai masa buƙatarka a rubuce.