Gano Tushen Makamashin Guguwar Teku: Nazari Kan Guguwar Yankin Zafi da ta Gefensa

Tsakure

Wannan maƙala ta duƙufa ne a kan tambaya guda: daga ina guguwar teku take samun ƙarfin da take juyawa da shi? An kwatanta guguwar yankin zafi da ta gefen yankin zafi, sannan aka bayyana hanyoyi biyu da masana yanayi suke bi wajen tantance tushen makamashinsu, wato zagayen makamashi na Lorenz da taswirar siffar guguwa ta Hart. An kafa hujja da guguwar Catarina ta 2004 da Sandy ta 2012. Nazarin ya nuna cewa guguwa ɗaya tana iya sauya tushen ƙarfinta a tsawon rayuwarta, kuma sanin hakan yana shafar gargaɗin da ake yi wa al'umma.

Fitilun Kalmomi: Guguwa, Makamashi, Ɓoyayyen zafi, Saɓanin zafi, Sahel

1.0 Gabatarwa

Guguwar da Bahaushe ya sani ita ce iskar nan mai juyawa da ke tasowa da ƙura da bazara, ta yi 'yan mintoci ta lafa. Kafafen yaɗa labarai sun faɗaɗa ma'anar kalmar, inda suke kiran duk wata babbar iskar teku da mahaukaciyar guguwa. Sai dai wannan suna guda ya tattara nau'o'i mabambanta. A ilimin yanayi, abin da ke raba su shi ne tushen makamashinsu, domin shi ne yake fayyace girman guguwa da wurin da iskarta ta fi ƙarfi da kuma abin da zai kashe ta.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Guguwar yankin zafi ita ce wadda ke tasowa a kan teku mai ɗumi, tana da cibiya wadda ta fi kewayenta zafi tun daga ƙasa har sama, kuma iskarta mafi ƙarfi tana kusa da cibiyar. Idan gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a, to ta shiga sahun manyan guguwoyi. Guguwar yankin sanyi kuwa cibiyarta mai sanyi ce, kuma tana tasowa ne a inda iska mai zafi ta yi iyaka da mai sanyi. Ita guguwar gefen yankin zafi ruwa biyu ce: ƙasanta da ɗumi, samanta da sanyi, kuma iskarta mafi ƙarfi takan yi nesa da cibiya, galibi fiye da kilomita 100. Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka ta fara raɗa wa irin wannan guguwa suna daga jerin sunayenta a shekarar 2002.

3.0 Tushen Makamashi

3.1 Ɓoyayyen zafi

Kafin kilogiram ɗaya na ruwa ya zama tururi, sai ya haɗiye makamashi kimanin jul miliyan 2.5. Wannan zafi yana ɓoye cikin tururin har sai ya hau sama ya koma ɗigon ruwa a cikin gajimare, sannan ya saki zafin. Iskar cibiya sai ta yi ɗumi, matsin iska ya ragu a doron teku, iskar kewaye ta ruga ciki da ƙarfi, ƙarfin nata kuma ya ƙara tayar da tururi. Kerry Emanuel, a shekarar 1986, ya kwatanta wannan tsari da injin zafi na Carnot. Injin yana ɗaukar zafi a doron teku a kan digiri kimanin 300 a ma'aunin Kelbin, ya zubar da shi a can sama a kan digiri kimanin 200, don haka kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ne zai iya zama motsi. Wannan ne dalilin da ya sa guguwar yankin zafi ta fi tasowa a inda ɗumin ruwa ya kai digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyos, kuma take raunana da zarar ta hau tudu.

3.2 Saɓanin zafi

Idan iska mai sanyi ta yi maƙwabtaka da mai zafi, akwai makamashi a ajiye tsakaninsu. Mai sanyin, saboda nauyinta, takan kutsa ƙasa, mai zafin ta hau sama, makamashin ajiyar ya rikiɗe ya zama motsi. Guguwar da ke dogaro da wannan tushe ba ta buƙatar teku mai ɗumi. Tana tafiya ne tare da saɓanin gudun iska a tsaye, wato iskar sama ta fi ta ƙasa gudu, alhali irin wannan saɓani shi ne yake wargaza cibiyar guguwar yankin zafi.

3.3 Saɓanin gudu a kwance

A gefen babban magudanar iska, wani sashe yakan fi wani gudu. Ƙaramin juyi da ya samu kansa a wurin yana iya jan makamashi daga magudanar ya girma da shi.

4.0 Hanyoyin Tantancewa

4.1 Zagayen makamashi na Lorenz

A shekarar 1955, Edward Lorenz ya kasa makamashin sararin samaniya zuwa rumbuna huɗu: makamashin ajiya na babban yanayi, makamashin ajiya na juyi, makamashin motsi na babban yanayi, da makamashin motsi na juyi. Mai nazari yakan shata akwati a kewayen guguwa, ya lissafa abin da ke cikin kowane rumbu da adadin da ke kwarara daga wannan zuwa wancan. Idan makamashi yana fitowa daga ajiyar babban yanayi zuwa ajiyar juyi, sannan ya zama motsi, to saɓanin zafi ne ke aiki. Idan kuwa zafin gajimare ne yake cika ajiyar juyi kai-tsaye, to ɓoyayyen zafi ne. Idan motsin babban yanayi ne ke komawa motsin juyi, saɓanin gudu a kwance ne. Raunin wannan hanya shi ne sakamakonta yana sauyawa da girman akwatin da kuma abin da ke shiga da fita ta iyakokinsa.

4.2 Taswirar Hart

Robert Hart ya gabatar da tasa hanyar a shekarar 2003, bisa ma'aunai uku. Na farko yana auna bambancin kaurin iska tsakanin dama da hagun guguwa, daga matsin hektofaskal 900 zuwa 600. Idan bambancin ya haura mita 10, guguwar ta karkata, alamar saɓanin zafi ke nan. Na biyu yana nuna ɗumi ko sanyin cibiya a wannan mataki, na uku kuma daga 600 zuwa 300. Da waɗannan ma'aunai ake zana tafarkin rayuwar guguwa daga haihuwarta har mutuwarta. Hanyar Hart siffa take nunawa, ta Lorenz kuma kwararar makamashi, shi ya sa ake haɗa su.

5.0 Misalai Biyu

Kudancin tekun Atlantika ba wurin guguwar yankin zafi ba ne, saboda sanyin ruwa da tsananin saɓanin gudu a tsaye. Duk da haka, a watan Maris na 2004, wata guguwa mai sanyin cibiya ta taso a gabar Barazil. Wani tsarin iska a sama ya tsare ta, saɓanin gudun ya ragu, sanyin sama kuma ya ba gajimare damar haɓaka duk da ɗumin ruwan bai kai digiri 26.5 ba. Ta ratsa matakin gefen yankin zafi, ta samu cibiya mai ɗumi, sannan ta afka wa jihar Santa Catarina a ranar 28 ga Maris.

Sandy ta bi akasin wannan hanya. Ta taso a tekun Karibiyan a watan Oktoba na 2012 tana rayuwa da ɓoyayyen zafi. Da ta nufi arewa, sai ta haɗu da iska mai sanyi daga nahiyar Amurka ta fara cin saɓanin zafi, faɗin iskarta ya kai kimanin kilomita 1,600. Sa'o'i kaɗan kafin ta sauka a New Jersey ranar 29 ga Oktoba, an cire ta daga rukunin guguwar yankin zafi. Da yake an yi hasashen wannan sauyi, ba a fitar da gargaɗin babbar guguwa ga New York da New Jersey ba, wasu ofisoshi ne suka yi gargaɗin iska da ambaliya. Muhawarar da ta biyo baya ta sa aka gyara ƙa'idar a 2013, aka ba cibiyar damar ci gaba da gargaɗi ko da guguwa ta sauya rukuni.

6.0 Alaƙa da Yankin Sahel

Da damina, bambancin zafi tsakanin hamadar Sahara da gabar tekun Gini yana haifar da magudanar iska mai tafiya daga gabas zuwa yamma, a tsayin kilomita uku zuwa huɗu, a saman yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Daga wannan magudana ake samun igiyoyin iska da ke wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar, suna girma da saɓanin zafi da na gudu a kwance, suna kuma tsara hadarin da ke shayar da gonakin Sahel. Idan suka faɗa Atlantika, wasunsu sukan koma dogaro da ɓoyayyen zafi. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga waɗannan igiyoyi suke samo asali.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa makamashin guguwar teku yana fitowa ne daga tushe uku, kuma guguwar gefen yankin zafi tana haɗa aƙalla biyu daga cikinsu a lokaci guda. Misalan Catarina da Sandy sun tabbatar da cewa rukuni mataki ne a rayuwar guguwa, kuma sauya shi ba ya rage haɗarinta. Saboda haka, akwai buƙatar masana Hausa da na yanayi su haɗa hannu wajen daidaita keɓaɓɓun kalmomin wannan fanni, domin mai fassara labarin yanayi ya iya bambance nau'o'in da kalmar guguwa ta tattara.