Yadda Gara Ke Narkar da Itace

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya bi hanyar Zuba zuwa Gwagwalada ya ga suri. Ina so in bayyana muku yadda gara ke ƙoshi da busasshen itace, abin da ya gagari cikin mutum.

Cikin itace akwai wani zare mai tauri, sunansa selulos. A hanjin gara kuwa akwai wani ruwa, watau enzayim, mai narkar da zaren nan ya zama sukari. A 1998 masana a Japan suka tabbatar jikin gara da kansa yake yinsa. Fumfunar da garar suri ke nomawa ita ma tana taimakonta.

To, takarda ma selulos ce. Saboda haka, malaman gobe, kada mu ajiye littattafan makaranta a ƙasa.