Darasin Wannan Juma'a: Kuɗin Tafiya Ba Kuɗin Tikiti Kaɗai Ba Ne



Abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi, da yawanku kun san shi. Kwanakin baya bayan sallar isha'i mun shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci muna karɓar gudummawa don a dawo da wani ɗan uwanmu da ya maƙale a ƙasar waje. Ba za mu ambaci sunansa ba, shi ne ma ya ce mu ba da labarin don wani ya amfana. Ya tafi sayo kaya, ya zuba duk abin da ke hannunsa a kan kayan, sai jirgin dawowa ya wuce shi saboda cunkoson hanya. Aka ce ya biya kuɗin canza tikiti, babu. Masauki ya ƙare, biza ta kusa ƙarewa, a gida kuma maiɗakinsa da yara huɗu abin cefane ya ƙare. Alhamdu lillahi ya dawo lafiya, amma har yau yana biyan bashin. Bawan Allah nan ba almubazzari ba ne. Lissafinsa ne ya tsaya a kan abu uku, tikiti da biza da jari, ya manta da sauran.

To waɗannan "sauran" su za mu bi ɗaya bayan ɗaya, ko Umra mutum zai je, ko Dubai ko Guangzhou sayo kaya, ko nan kusa Kwatano da Akara.

Tun kafin a bar gida

Fara da fasfo. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata 6 kafin ya ƙare ba. In ka gano haka saura mako biyu tafiya, sabuntawar gaggawa za ta ci kuɗi, wataƙila ma tikitin ya tashi a banza. Sai katin allurar shawara, wanda muke kira yalo kad, da ake tambaya a iyakoki da filayen jirgi. Masu zuwa Saudiyya kuma ana neman su yi allurar sanƙarau. Ga hoto, ga kuɗin ejan, ga kuɗin mota zuwa ofis, wanda da wuya a gama a zuwa ɗaya. Mu sani kuma, kuɗin neman biza galibi ba a mayarwa ko da an hana mutum. Duk wanda ya ce maka biza tabbas ce, kawo kuɗin duka yanzu, ka yi hattara. Ka nemi rasidi, ka tambaye shi a rubuce me kuɗin ya ƙunsa: akwai masauki? akwai abinci? akwai mota daga filin jirgi?

Canjin kuɗi

Wannan mu 'yan kasuwa mun fi kowa saninsa, amma shi ke ka da mu. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafin tafiya kafin lokacin ya tashi bayansa, ya ga abin mamaki. Ko ƙaramin motsi ma yana ciwo. Misali kana buƙatar dala 2,000, sai dala ta ƙaru da naira 50 kacal kafin ka saya, ka ga naira 100,000 ta fita ba ka taɓa ko tsinke ba. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka duk ranar da dala ta hau, kuɗin Umra ya hau tare da ita. Sefa kuwa da yuro take ɗaure.

Sannan duk canji akwai ribar mai canji. Mai tafiya Akara ta mota daga Legas zai tsallaka iyaka uku, ta Seme zuwa Benin, daga Benin zuwa Togo, sai Aflao zuwa Gana, kuma zai taɓa kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi. Mu ɗauka misali ana rage kashi 3 cikin 100 a kowane canji. Naira 100,000 in ta zaga sau uku ta dawo, abin da zai rage bai kai 92,000 ba. Saboda haka kada ka canza fiye da abin da za ka kashe a kowace ƙasa. Kada kuma ka dogara da katin banki kaɗai. Ka tambayi bankinka ko yana aiki a waje, nawa ne iyakarsa, nawa suke cira. Wanda zai fita da abin da ya wuce dala 10,000 ko kwatankwacinta, doka ta ce ya bayyana wa kwastan. Ɓoyewa na iya jawo a ƙwace kuɗin.

A hanya da can

Yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma abin da ya haura sai an biya, sau da yawa da dala. Iyayenmu mata, wannan naku ne musamman: dabino da turare da abaya da tsarabar jikoki nauyi gare su. A auna jaka tun a masauki. In tikitin mai araha ne da ake yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira, ka tambayi awa nawa za ka zauna, don abincin filin jirgi tsada gare shi. Ka tambaya kuma nawa ne canza rana, tun kafin ka biya.

Da ka sauka akwai tasi, akwai layin waya da data. Wasu masaukai suna karɓar kuɗin ajiya kafin su ba ka makulli. A Saudiyya akwai harajin kashi 15 cikin 100 a kan kaya tun shekarar 2020. Mai Umra ya ware kuɗin aski, da na ziyara a Madina, da na keken tura dattijo in ƙafa ta gaza a ɗawafi da sa'ayi. Ya tuna kuma kuskure a cikin ihrami yana iya jawo fidiya ko yanka; wannan a zauna da Malam Liman kafin a tafi. Sai rashin lafiya, Allah Ya tsare. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganinsa da zai wuce kwanakin tafiyar, tare da takardar likita.

A kula da kwanakin biza. Ƙasashe da dama tarar wuce wa'adi kullum-kullum suke lissafa ta. Ko a ƙasashen ECOWAS da muke shiga ba biza, kwana 90 ne aka yarda, ba zaman dindindin ba.

Bayan an dawo

Mai sayo kaya, tafiyarsa ba ta ƙare ba sai kaya sun shiga shago. Akwai kuɗin dako na jirgin ruwa ko na sama, kuɗin kwastan, ladan ejan mai fito da kaya, 'yan dako, da motar da za ta kwaso daga Apapa ko Tin Can. In kaya suka wuce kwanakin da aka ba su a tasha, sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Mun ga wanda ribarsa duka ta tafi a nan.

Sai gida. Ciyar da iyali wajibi ne, Umra ta biyu ko ta uku kuwa ba wajibi ba ce. Kuɗin cefane, kuɗin makaranta, hayan gida da na shago, adashin da kake zubi, albashin yaron shago, duk ba sa tsayawa don ka yi tafiya. A nan kudu muke, ba kamar gida ba inda akwai rumbu da dangi kusa. A bar wa iyali abin da zai kai su har mako biyu bayan ranar da aka sa za a dawo.

Yadda za a yi lissafin

Ɗauki takarda ka raba ta gida huɗu: kafin tafiya, can, dawowa, da gida. Kowane abu ka sa masa farashi, kuma ka tambayi wanda ya dawo kwanan nan, ba wanda ya je shekara uku da suka wuce ba. In ka haɗa jimla, ka ƙara aƙalla ɗaya bisa biyar a kai. In lissafi ya ba ka miliyan 3, to tafiyarka ta miliyan 3 da dubu 600 ce. Wannan ƙarin ba jari ba ne, ba na tsaraba ba ne. Ka ware shi a wata jaka daban, kada ka taɓa shi ko ka ga kaya sun yi araha kamar kyauta. In kuɗin bai kai ba, ka rage jari ko ka ɗaga tafiyar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kuɗin saƙo da mutane ke ba ka, wane a sayo masa waya, wance a sayo mata sarƙa, amana ne. Ka rubuta sunan kowa da abin da ya ba ka, ku yi magana tun a nan kan wa zai biya nauyin kaya da bambancin canji. In bashi ka ci, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da tikiti ka bar wa wani amintacce a gida.

Tawakkali ba ya hana shiri. Duk mai niyyar tafiya da yake son a duba masa lissafinsa, ya same mu a ofishin masallaci bayan la'asar, akwai 'yan uwa da suka saba waɗannan hanyoyi da za su zauna da shi. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Sakataren Masallaci