Yadda Ake Ciyar da Kifin Betta Ba Tare da Cikinsa Ya Kumbura Ba

Kifin betta, ɗan gonakin shinkafa da kududdufan ƙasar Tailan, makwaɗaici ne na gaske. Duk sanda ka matso sai ya taso yana kaɗa jela, kai kuma tausayi ya sa ka ƙara masa. Daga nan yawancin ciwon cikinsa ke farawa.

Da farko ka san abincinsa. Dubi bakinsa, sama yake kallo, domin a can gida ƙwari da tsutsar sauro yake cafkewa a saman ruwa. Maci nama ne. Nemi ƙwayoyin abincin da aka yi domin betta, waɗanda garin kifi ko na jatan lande ke farkon jerin kayan haɗinsu. Burodi da garin masara kam, rabu da su. Hanjinsa gajere ne, ba ya iya sarrafa su.

Sai awo. Ƙwaya biyu ko uku da safe, haka da yamma. Jefa ɗaya, jira ya haɗiye, sannan ka jefa ta gaba. In busassu ne ƙwarai, jiƙa su a ɗan ruwan gidansa na minti biyu tukuna. Abin da ya nutse bai ci ba, kwashe shi kafin ya ruɓe. Rana ɗaya a mako ka bar shi da yunwa, ba abin da zai same shi. Tsutsar sauro gara ce a wurinsa, amma kada wannan ya sa ka ajiye kwantaccen ruwa a tsakar gida, zazzaɓin cizon sauro ya fi kuɗin abincin kifi tsada.

Ka kula da ɗumin ruwa, digiri 25 zuwa 28. A sanyin hunturu ruwan kan huce cikin dare, narkewar abinci ta yi nawa. In babu hita, ko wuta ba ta tsayawa, ɗauke shi daga bakin taga ka rage masa abinci.

Kullum ka leƙa cikinsa daga gefe. In ya yi tulu, ba ya kashi, ko yana iyo a karkace ya kasa nutsewa, sau da yawa cushewar ciki ce ta danne jakar iskar da ke daidaita masa iyo. Hana shi abinci kwana biyu zuwa uku, sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, sannan ka ba shi dafniya, ƙananan ƙwarin ruwan nan da ɓawonsu ke tura kashi. Wasu na ba da dafaffen koren wake. Ni dai na fi yarda da dafniya, tunda ta fi kusa da cimarsa.

Amma in ka leƙa ta sama ka ga ɓawon jikinsa ya miƙe kamar bayan abarba, wannan ba ƙoshi ba ne. Ruwa ne ya taru masa a ciki, galibi daga lalacewar ƙoda ko ƙwayoyin cuta. Hana abinci ba zai yi komai ba. Ware shi cikin ruwa mai tsabta, ka nemi likitan dabbobi a ranar.