Littafi a Jakar Matafiyi: Darasi Daga Wata Hira a Tashar Tasawa

Duk wanda ya taɓa jiran motar Mayahi a tashar Tasawa ya san ba agogo ke tayar da ita ba, sai ta cika. A hutun da ya wuce na yi irin wannan jira tun hantsi har bayan azahar, kuma a nan na samo abin da wannan maƙala za ta tattauna. Mu uku ne a kan benci ɗaya, kowa da abin karatu a hannunsa: wata malamar makaranta daga Katsina da ta zo bikin dangin mahaifiyarta, da wani dattijo daga zangon Kumasi a Gana wanda kakansa ɗan wannan yanki ne, sai ni da nake komawa gida daga Yamai. Hausa muke yi dukkanmu, babu mai neman tafinta. Amma da hira ta gangaro kan abin da kowa ke karantawa a gida da kuma a hanya, sai ya bayyana cewa ba hanya ɗaya muka bi muka iso ga rubutacciyar Hausa ba. Na san mutum uku ba su isa a gina bincike a kansu ba. Na kawo su ne domin su taimaka mana wajen duba wata tambaya ta walwalar harshe: idan littafin Hausa ya ƙetare iyaka, wa ke ɗaukar wahalar fahimta?

Abin da ke hannun kowa

Malama a waya take karatu. Ta ce a gida tana da kwali cike da littattafan soyayya da ta tara tun tana sakandare, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, amma yanzu in tafiya ta kama ba ta ɗaukar ko ɗaya, tun da marubuta suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp. Dattijon kuwa Dala'ilul Hairati ne a hannunsa, cikin gafaka ta fata da ta sha jiki. Ya ce jarida da Ingilishi yake karanta ta, waƙoƙin wa'azi kuma da ajami, irin na Alhaji Umaru na Karaci wanda ya rasu a 1934. Hausar boko ba wanda ya taɓa koya masa, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta zaɓa a koyar a makarantu. Ni kuma littafin nahawu na Faransanci ne a jakata, da wani tsohon kwafi na Magana Jari Ce da aka sayo a kasuwar Maraɗi.

Da na ce musu duk littafin hira na Hausa da na tashi na gani a gidanmu daga Zariya ko Kano ya fito, sai na tambayi malama ko ta taɓa karanta wanda aka rubuta a Nijar. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Wallahi ɗan'uwa, ban ma san ana bugawa ba."

Ba laifinta ba ne, tarihi ne ya kawo haka. A Arewacin Najeriya an shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933 ƙarƙashin Rupert East a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma adabin kasuwar Kano ya cika rumfuna. A wannan ɓangare na iyaka makarantar Faransawa ba ta buɗe wa harshen gida ƙofa ba, sai a 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa da Faransanci a wata makaranta a Damagaram. Gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo a Yamai sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa, sai dai yawancinsu ajin makaranta da na yaƙi da jahilci aka nufa da su, ba rumfar kasuwa ba. Saboda haka littafin Hausa arewa yake yi, da wuya ya yi kudu.

Allon hanya da saƙon waya

Abu na farko da matafiyi ke karantawa ba littafi ba ne, allon bakin hanya ne. Wanda ya taso daga Maraɗi zai ga an rubuta Gazaoua, ya ga Tessaoua, alhali Gazawa da Tasawa bakinsa ke faɗi. Wannan rubutu bai tsaya a allo ba. Na miƙa wa malama wayata ta karanta saƙon da ƙanena ya turo, inda ya rubuta "ina kouana" da "tchikin sati", sai da ta maimaita kafin ta gane. A irin wannan rubutu ou na tsayawa a madadin u ko w, tch a madadin c, ch a madadin sh, dj kuma a madadin j.

Abin lura a nan shi ne, yaron Mayahi da ya koyi haɗa baƙi da Faransanci, ranar da littafin Kano ya faɗo hannunsa sai ya sake koyon karatu, kuma shi kaɗai. Ina tune da lokacin da nake karanta ci kamar si, ina mamakin wace irin Hausa ce wannan, har wata yayata da ta yi aure a Jibiya ta gyara mini. Da yawa daga cikinmu a littattafan soyayya muka koyi ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda malamanmu ke ƙwacewa in sun gani a aji.

Bambancin da hukuma ta amince da shi tsakanin rubutun ƙasashen biyu kuwa bai taka kara ya karya ba. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a Janairun 1980 domin daidaita rubutun Hausa, sannan ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar ƙa'idojin rubutu a 1999. Abin da ya fi fitowa fili a yau shi ne harafi guda: mu muna rubuta ƴ, kamar yadda mai karatu ke gani a wannan shafi, su kuma suna rubuta 'y. Akwai ɗan abin dariya a ciki. Masana tarihin harshe sun nuna cewa wannan sauti daga ɗiy ya samo asali, wato ƴa daga ɗiya take, kuma kalmomin da ke ɗauke da shi ba su da yawa. A kasuwar Mayahi har gobe ɗiyata za ka fi ji, ba ƴata ba. Ke nan mun keɓe wa sautin harafi na musamman, alhali yawancinmu tsohuwar sigarsa muke furtawa.

Karin harshe bai san iyaka ba

Da farko na zaci karin harshe ne zai raba ni da malama. Ashe ba haka ba. Da ta saki jiki sai ga sunka da munka a bakinta inda littafi ke rubuta suka da muka a shuɗaɗɗen lokaci na biyu, ga tahi a wurin tafi, ga hwaɗa a wurin faɗa. Ba abin mamaki ba ne: gidan sarautar Tasawa reshe ne na tsohon gidan sarautar Katsina da ya yi ƙaura arewa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma auratayya da fatauci ba su taɓa yankewa tsakanin yankunan biyu ba. Layin da ya raba kare-karen Hausa na yamma da na gabas bai bi layin da Ingila da Faransa suka shata ba. Ni da ita duk baƙi ne ga daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan karin Kano.

Akwai wani abu da na daɗe ina gani a gida ban ba shi muhimmanci ba sai a wannan rana. Idan mace ɗaya ta ɗauki littafi tana karanta wa sauran matan gida da dare, idonta yana ganin "suka tafi", bakinta yana cewa "sunka tahi", kuma ba ta san ta yi ba. Umartau na namiji ma haka: a rubuce "ya zo", a baki "shi zo". Tana fassara ne daga kari zuwa kari cikin saurin karatu, ba tare da tangarɗa ba. Ina ba ƴan'uwa ɗalibai shawara, wanda ke neman batun ƙaramin aiki ya ɗauki shafi guda, ya ba mutum biyar ko goma a garinsu su karanta a bayyane, ya naɗi muryoyinsu da izininsu, sannan ya ƙirga me aka canza, me aka bari. Zatona shi ne furuci da wakilin suna za su fi canzawa, kalmomin aro kuma a bar su yadda suke, amma wannan sai an gwada.

Inda iyakar take

A aron kalmomi ne iyakar ƙasa ke bayyana sarai. Mu muna cewa lakwal da mushe da kaye da bik, daga kalmomin Faransanci école da monsieur da cahier da kuma sunan alƙalamin Bic. Muna cewa duwan inda suke cewa kwastan, tike inda suke cewa tikiti. Idan ɗan Tasawa ya ce ya kwana a likita, asibiti yake nufi. Sai kuma lissafin kuɗi, wanda ya fi rikita baƙo: dala faran 5 ce, don haka dala ɗari faran 500 ne, jika kuwa faran 1000, alhali jaka a tsohon lissafin Kano naira 200 ce. Da yaron mota ya faɗi kuɗin kujera sai da na juya wa malama lissafin.

To amma a duba kalmomin da muke zaune a cikinsu a wannan rana: mota, tasha, direba, benci. Duk daga Ingilishi suke, duk ta kudu suka shigo mana, kuma ba wanda ke jin su baƙi a Mayahi. Ban san kalmar aro ta Faransanci da ta yi irin wannan tafiya ta zauna a Kano ba. Mai karatu a Nijar yana riƙe da rumbun kalmomi biyu, nasa da na maƙwabcinsa. Mai karatu a Najeriya bai taɓa buƙatar na biyu ba. Fahimtar juna tana nan, amma ɗawainiyarta a wuyan ɓangare ɗaya take.

Dattijon Kumasi ya fi mu jin wannan. A Hausarsa jinsi ya ɓace, kamar yadda aka sani a Gananci: "matana ya ce" yake faɗi. Ya lura da murmushin malama, sai ya ce: "Ƴata, ni duk abin da kuka faɗa a rediyo ina ji, ku ne ba ku jin namu sai kun yi dariya." Shi da kunne ya koyi daidaitacciyar Hausa, daga Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da sauran tashoshi irinsa.

Na ba su labarin Dorugu, domin ba wanda ya taɓa jin sunansa a cikinsu. Yaro ne ɗan Dambanas kusa da Kance, gabas da inda muke zaune, wanda aka kama bawa, aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. Barth ɗin kansa ya yada zango a Tasawa a Janairun 1851. A Ingila Dorugu ya faɗi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Wato ɗaya daga cikin labaran tafiya na farko da aka rubuta da Hausar boko daga bakin ɗan wannan ƙasa ya fito, shekaru da dama kafin gasar Zariya. Ni kaina a jami'a na fara jin labarinsa, ba a Mayahi ba.

A watan Maris na 2025 kundin da ke jagorantar ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan ya sa tambayar ta tashi daga hirar benci ta koma kan teburinmu: wace Hausa za a rubuta? A ganina kuskure ne mu ƙirƙiro wa kanmu wasu ƙa'idojin rubutu dabam don nuna ƴanci, domin hakan zai rufe wa ƴaƴanmu ƙofar dubban littattafan da ke akwai. Kuskure ne kuma mai gyaran rubutu ya riƙa goge lakwal da dala daga labarin da ya faru a Tasawa don kawai ba haka ake faɗi a Kano ba. Mai karatu a Katsina zai koye su kamar yadda muka koyi naira da kwabo, idan labarin ya yi daɗin da zai riƙe shi. Littafin aji ba zai yi wannan aiki ba, sai irin wanda mutum zai sa a jaka don kansa.

Da mota ta cika, malama ta ce in tura mata wani labari da aka rubuta a nan ta karanta a hanyar komawa. Na bincika wayata kaf, ban sami ko ɗaya ba. Dattijon, wanda ya zauna kusa da ni, ya ga littafin da ke cinyata ya ce: "Ɗana, karanta mini in ji." Na buɗe na fara, ban kai ƙarshen shafin farko ba na ji kaina ina cewa sunka.