Tsuntsayen Bakin Tafkin Tiga da Masu Zuwa Shan Iska

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Nufin gwamnati shi ne noman rani a wajen Kadawa da Kura, da kuma ruwan sha. Amma ruwa ba ya taruwa shi kaɗai. Masunta suka zo, aka gina otel na Rock Castle domin baƙi, tsuntsaye kuwa ba wanda ya aika musu goron gayyata.

Duk ɗalibin da ya je bakin tafkin da rani zai ga ruwa ya janye, ya bar yashi da taɓo. A idonmu wannan fili ne na ƙwallo da cin abinci. Ga tsuntsu kuwa gona ce, kuma ɗakin haihuwa. Ban da balbela da zalɓe da kirinjijiya, akwai waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke ƙetaro Sahara daga Turai da kaka, su yi ta tsintar tsutsa a taɓo har wajen watan Maris, sa'an nan su koma. Kowane tashi da muka sa su yi, kitsen guzurinsu ne yake ƙonewa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne zakaran ƙeƙuwa. Ba ya saƙa sheƙa a kan itace. Ɗan rami yake yi a ƙasa, ya zuba ƙwai masu launin tsakuwa, har mutum ya taka bai sani ba. In ka ji yana ta ƙara, yana kawo maka sura, to, ba fitina ba ce, kana kusa da ƙwansa ne. Muddin kana tsaye uwar ba za ta koma ba, rana kuwa tana iya dafa ƙwan, ko hankaka ya ɗauke.

Ba na goyon bayan a hana mutane bakin ruwa, gama wanda bai ga abu ba ba zai so shi ba. Dajin Falgore da ke kudu da tafkin keɓaɓɓe ne domin namun daji. Haka ya kamata a keɓe waɗansu gaɓoɓi da tsibirai lokacin ƙwai, a kafa alama, masu babura su tsaya nesa, yara kuma su bar danko a gida. Sauran gaɓar ta ishe mu wasa.