Yadda ake gane shigowar damina kafin a ɗauki sungumi

A fara da iska tun cikin bazara, wajen watan Afrilu. Duk tsawon hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, busasshiya, da hazo. In damina ta ƙarato sai ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma ɗauke da danshin tekun Atlantika. A fita da asuba a ɗebi ƙasa mai laushi a sheƙa, a ga inda ƙura ta nufa, kuma a yi ta maimaitawa kullum, domin iskar kan yi kai-komo na makonni kafin ta tsaya. A cikin gida ma ana jin ta: leɓe ya daina tsagewa, zufa ta ƙi bushewa a jiki, ruwan randa ya rage sanyi.

Daga nan sai a ɗaga kai a dubi itatuwa. Kukar da ta yi rani tsirara za ta soma tofo tun ruwa bai sauka ba. Gawo kuwa nasa sha'anin daban ne: yana rani da ganye kore shar, akuya na cin 'ya'yansa, amma da ya ji damina sai ya kakkaɓe ganyen. Shi ya sa manomin kirki ba ya sare gawo a gonarsa. Ganyen ya zama taki, inuwarsa kuma ba ta danne gero.

Sai shamuwa, wadda ta fi kowace alama faranta rai. Baƙa ce, cikinta fari, tana tafiya kudancin Afirka in rani ya yi, ta dawo mana tare da ruwa. Ba ranar da aka fara ganinta ce abin lura ba, domin 'yan gaba kan iso da wuri. A zauna nesa kaɗan da tsamiya ko kukar da ta saba sauka, da hantsi, ban da hayaniya. In an ga tana jigilar kirare tana gyaran tsohuwar sheƙarta, zama ta zo yi. A hana yara jifanta, a bar mata ƙwanta, ko don farin da take tsincewa a gonaki.

Hadari kuma gabas ake duba shi, ko da yake danshin daga kudu ya zo. Da la'asar yakan haɗo, a ga walƙiya, a ji cida. Na farko-farko sau da yawa holoƙo ne kawai: ya tayar da ƙura, ya yaye jinka, ya yi ɗan yayyafi ya wuce.

A nan ne ake yawan yin asara. Ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, shinge ya fito daga suri, kowa ya ruga gona, sannan sama ta ɗauke mako biyu, tsiro ya ƙone. Mai iri kaɗan kada ya bi ruɗin nan. Washegarin ruwa a je gona a tona da hannu a wuri uku ko huɗu, har da kan tudu, ba kwari kaɗai ba. In lema ta yi zurfi, aka dunƙula ƙasar ta riƙe, to an samu ruwan shuka. In yatsa ya tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi, a dakata. Masu binciken noma na cibiyar ICRISAT a Nijar suna ƙirga shigowar damina ne in an sami milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi ɗaukewar da ta wuce kwana bakwai a cikin kwana talatin da suka biyo ba. A haɗa da hasashen da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, a tuna kuma ruwa daga kudu yake hawowa: Zariya na riga Kano, Kano na riga Damagaram.

Wanda ya yi binne ya riga ya yi kasada, sai ya ajiye irin ƙari. Saura kuwa, gero ake fara jefawa a jigawa, dawa ta biyo baya in ƙasa ta ƙara shan ruwa.